Tukunyar Matsi Mai Lita 7: Abin da Ta Iya da Inda Ta Gaza a Girkin Dare da na Salla

Matar da ke fita aiki da safe ta dawo gida bayan la'asar ta san cewa abincin dare ya fi kowane girki takura mata, domin tsakanin shigowarta gida da kiran sallar magariba lokaci ne ƙanƙane, kuma a cikinsa ne za ta duba yara, ta kimtsa gida, ta ɗora tukunya. Yanka albasa da jajjagen kayan miya ba sa cin wani lokaci mai yawa. Abin da ke cinye yammacin shi ne jiran abubuwa masu tauri su nuna, wato wake, naman sa, kazar gida, ganda da ƙafar saniya. Saboda wannan jira na sayi tukunyar matsi, wadda masu sayar da kayan kicin ke kira furesha, kuma na daɗe ina aiki da ita a ranakun aiki da lokutan salla, har na ga ya dace in bayyana wa 'yan'uwa mata abin da na gani, musamman waɗanda ke sha'awarta amma tsoron fashewa ya hana su saya.

Tawa mai cin lita 7 ce, ta sitil, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, mai gindi mai kauri, kuma a kasuwar Sabon Gari ta Kano na saye ta. Murfinta yana shiga ne da murɗawa har hannunsa ya hau kan hannun tukunyar, a cikinsa akwai zoben roba da ke toshe duk wata kafa, a samansa kuma akwai ɗan bututu da ake ɗora wa wani ƙarfe mai nauyi. Gefen bututun akwai bawul na tsaro wanda ke buɗewa da kansa idan bututun ya toshe, sannan akwai ɗan maɓalli da ke tasowa ya kulle murfin muddin akwai tururi a ciki. An haɗo ta da faifan ƙarfe mai huji da ake sawa a ƙasa domin turara abinci.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta, kuma sanin sa yana rage tsoro. A tukunyar da aka saba, ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, kuma komai ƙarfin wutar da aka hura masa ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙafe. Idan aka toshe wa tururi hanya, matsi yana taruwa a ciki, ruwan kuma ba ya tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Wannan ƙarin zafi na digiri ashirin shi ke narkar da jijiya da ganda cikin kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Dabarar tsohuwa ce, domin wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irinta ta farko a Landan a 1679, ko da yake ba ta shiga gidajen jama'a sosai ba sai bayan 1939, lokacin da aka nuna samfurin girkin gida a bajekolin duniya na birnin New York. A yau Indiyawa na cikin waɗanda suka fi kowa amfani da ita, saboda abincinsu na yau da kullum ya dogara ga dangin wake, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ke shagunanmu ƙirar Indiya ne ko ta Sin. Mazauna wurare masu tudu irin Jos, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,200, sun fi mu cin moriyarta, domin a can ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 96, wake kuma yana daɗewa a wuta fiye da yadda yake yi a Kano.

A kan wake tukunyar nan ta fi burge ni, kuma a kansa kaɗai ma ta mayar da kuɗinta. Waken da ya kwana biyu a ajiye yakan ci sa'a guda ko fiye a tukunyar da aka saba, shi ya sa yawancinmu muke jefa masa kanwa. Kanwa tana laushi da wake, amma tana duhunta shi, tana sauya masa ɗanɗano, kuma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikinsa. Tun da na fara dafa wake a tukunyar matsi ban sake sa masa kanwa ba. Abin da nake yi shi ne in wanke shi, in ba shi tafasa ɗaya a buɗe, in zubar da ruwan farko saboda maganin ƙwari da wasu masu ajiya ke zuba wa hatsi, sannan in zuba sabon ruwa da albasa in rufe. Wannan tafasar farko tana da wani amfanin kuma, domin tana rage kumfar da ka iya hawa ta toshe bututun. Daga lokacin da ƙarfen kan murfi ya fara huci, minti 10 zuwa 12 sun isa waken garau-garau, wanda ake so ya nuna amma ƙwayarsa ta tsaya. Idan faten wake ake so, sai a bar shi ya kai minti 18 ko 20, a buɗe a zuba manja, jajjage, busasshen kifi da alayyahu a ƙarasa a buɗe. Sabon waken kaka yana buƙatar ƙasa da haka, saboda haka sai uwargida ta lura da irin wanda ta auno. Gurjiya busasshiya, wadda da yawa suka daina dafawa saboda cin itacenta, idan aka jiƙa ta tun da dare tana nuna cikin kimanin minti 40.

Akwai wata gaskiya game da waɗannan mintuna da masu talla ba sa faɗa, kuma ya kamata mai saye ta san ta tun kafin ta biya kuɗi. Lissafin yana farawa ne bayan matsi ya taru, taruwarsa kuwa tana cin minti 8 zuwa 10 idan tukunyar ta ɗauki kaya, bayan an kashe wuta kuma sai an jira kamar minti 10 kafin tururin ya sauka murfin ya buɗu. Ke nan waken minti 12 rabin sa'a yake ci daga ɗorawa zuwa saukewa. Duk da haka ribar tana nan, domin rabin sa'a ba sa'a guda ba ce, kuma a cikinta ba a tsaye ake a kan tukunya ana ƙara ruwa ana juyawa ba. A wannan tsakanin nake dafa shinkafa a ɗaya kan na gas, in soya mai da albasa, in yanka latas da tumatir, kafin a idar da magariba abinci ya kammala.

Ta fuskar gas ma akwai sauƙi na zahiri, amma sai ga wadda ta san inda sauƙin yake. Da zarar tukunyar ta fara huci, wajibi ne a rage wutar zuwa can ƙasa, yadda hucin zai riƙa fita a hankali. Barin wuta da ƙarfi ba ya ƙara saurin nuna ko kaɗan, sai dai ya fitar da tururi a banza, ya ƙafar da ruwa, ya ƙona gindin abinci. Tun da na kiyaye wannan, silindata mai kilo 12.5 ta riƙa daɗewa fiye da yadda take yi a da, kuma a wannan zamani da farashin gas da kananzir da gawayi duk suka yi sama, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gida. Tana aiki a kan risho, amma ban ba da shawarar ɗora ta a kan murhun itace ba, domin ba a iya rage wutarsa yadda ake so, kuma harshen wutar yana lasar hannuwanta na roba. A kan kurfoti tana yiwuwa idan aka rage gawayin bayan ta fara huci, sai dai aikin yana da wuyar daidaitawa.

Nama shi ne abu na biyu. Naman sa na miya yana laushi cikin minti 15 zuwa 20, kazar gida da zabo ma kusan haka, ganda tana son minti 25 zuwa 30, ƙafar saniya kuwa, wadda a da sai an ware mata yini, tana sakin jikinta cikin minti 45 zuwa 50. Saboda ruwa kaɗan ake zubawa kuma ba ya ƙafewa, romon da ke fitowa yana da kauri da ƙamshi, citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa suna ratsa naman har ciki. Dabarar da ta fi taimaka mini a ranakun aiki ita ce in dafa naman mako a ranar Asabar ko Lahadi, in raba shi da romonsa a ƙananan robobi in sa a firiza, ta yadda ranar Talata da yamma miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya ba za ta wuce minti goma sha biyar ba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa har firiza ta riƙe sanyi, sai a dafa na kowace rana a ranarsa, kuma a nan ma tukunyar ta sa hakan ya yiwu. Kazar gidan gona kuwa ba ta buƙatarta, domin idan ta wuce minti 6 ko 7 sai ta rabu da ƙashinta ta dagargaje.

Tuwon shinkafa yana yin kyau idan aka dafa shinkafar a rufe na minti 8 zuwa 10 da ruwa wadatacce, sannan a buɗe a tuƙa da muciya a bar shi ya turara. Alale ma yana nuna cikin kwata na sa'a idan aka jera gwangwanaye a kan faifan nan mai huji, kuma ruwa ba ya shiga cikinsa.

Inda ta gaza kuwa yana da yawa, kuma duk tushensa ɗaya ne: abin da aka rufe ba a ganinsa, ba a ɗanɗana shi, ba a juya shi. Girkinmu kuwa mafi yawansa na ido ne da harshe. Dafa-duka ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Shinkafa tana nuna cikin minti 5 ko 6, amma tazarar da ke tsakanin ta yi warawara da ta caɓe minti ɗaya ne ko biyu, tumatirin gwangwani kuma yana kwanciya a gindi ya kama tun kafin matsi ya taru. Don abincin gida ana iya haƙuri da ita, amma dafa-dukar da za a kai gaban baƙi gara a yi ta a tukunyar da aka saba. Miyar ganye, zogale ko alayyahu ko ugu, tana rasa korenta idan aka rufe ta. Ɗanyar kuɓewa, karkashi da lalo ba sa shiga ko kusa, domin yauƙinsu yana hawa ya toshe bututu, haka ma kunu da duk wani abu mai kauri da ke tafarfasa yana fantsama. Taliya, ɗanwake da kifi ɗanye ba su da abin da za su ƙaru da shi a cikinta. Miyar dage-dage kuma, wadda daɗinta ke zuwa daga ƙafewar ruwan tumatir da soyuwarsa a mai, ba za ta taɓa soyuwa a cikin tururi ba. Wadda ta saya da tunanin za ta ajiye sauran tukwanenta za ta yi da-na-sani, domin wannan tukunya mataimakiya ce da ke ɗauke aikin laushi, sauran aikin miya yana nan a hannun mai girki.

A lokacin Babbar Salla na fi sanin darajarta. Kai da ƙafa su ne aikin da ke gajiyar da mata bayan an gama fiɗa, domin bayan babbaka da kankara da wanki, sai kuma a zauna gadin tukunya har dare. Idan aka faskara kan rago gunduwa-gunduwa aka haɗa da ƙafafun, minti 35 zuwa 40 sun isa farfesu ya nuna har fatar ta yi laushi. Ƙwaƙwalwar sai a cire ta a ajiye, a saka bayan an buɗe, domin in ta shiga tun farko narkewa take yi ta ɓata romon. Tumbi da hanji suna son kamar minti 20 zuwa 25, hanta da ƙoda kuwa a bar su sai ƙarshe saboda yawan zafi yana busar da su. Wajen dambun nama ma ta rage wahala ƙwarai: tsokar da ta yi rabin sa'a a ciki tana warwarewa da ɗan daka kaɗan a turmi, romon da ya rage kuma ya isa a yi miyar washegari da shi. Abin kiyayewa a naman layya shi ne kitse. Idan romon yana da maiƙo da yawa, kada a ɗaga ƙarfen kan murfi don a gaggauta fitar da tururi, domin mai zai biyo shi ya yi feshi, a kashe wuta kawai a bar shi ya sauka da kansa.

Suyar naman layya kuwa ba aikinta ba ce. Wannan suya da ake zuba nama a babbar tukunyar dalma a kan itace, ya tafasa har ruwansa ya ƙafe, sannan ya soyu a cikin kitsensa ya bushe yadda zai yi makonni a ajiye, tana buƙatar fili da buɗaɗɗen baki, abubuwa biyun da tukunyar matsi ba ta da su. Haɗari ne babba a cika ta da mai a rufe da niyyar suya, kuma masu ƙera ta da kansu sun hana.

A Ƙaramar Salla, da ake tashi da asuba a haɗa waina ko tuwo da miyar taushe kafin a sauko daga idi, tana taimakawa ta wajen tantaƙwashi da naman miya, kabewa ma tana narkewa cikin minti 5. Niƙaƙƙiyar gyaɗa da yakuwa da alayyahu sai bayan an buɗe ake zuba su, domin gyaɗa tana kamawa a gindi. Amma a nan ne girman tukunyar ke nuna iyakarsa. Ƙa'ida ita ce kada a cika ta fiye da kashi biyu bisa uku, idan kuma wake ne ko shinkafa ko wani abu mai kumbura da kumfa, kada a wuce rabi. Ke nan mai lita 7 abin da take ɗauka na gaskiya bai kai lita 5 ba. Wannan ya wadatar da gida mai mutum shida ko bakwai a daren aiki, amma gidan da ke rabon abincin salla ga maƙwabta da dangi da surukai sai ya dafa kashi-kashi, ko ya nemi mai lita 10 zuwa 12, wadda ita kuma nauyinta da kaya a ciki ba kowace mace ke iya sauke ta ita kaɗai ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wannan da na saya. Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Turanci kawai aka rubuta ta, jadawalin lokutan kuma na abincin wasu ƙasashe ne, babu ganda, babu gurjiya, babu kazar gida, saboda haka duk mintunan da na ambata a sama da gwaji na gano su, kuma suna iya ɗan bambanta daga tukunya zuwa tukunya. Ƙusoshin hannunta suna kwancewa lokaci zuwa lokaci, sai an riƙa ɗaure su da sukundireba. Hucinta yana da ƙara, yakan firgita ƙananan yara da tsofaffin da ba su saba da shi ba. Matsalar da ta fi duka ita ce zoben roba. Yakan saki ko ya bushe bayan shekara ɗaya ko biyu, alamarsa kuma ita ce tururi ya riƙa fita ta gefen murfi, matsi ya ƙi taruwa. Lokacin da nawa ya lalace na zagaya shaguna da dama kafin in samu daidai girmansa, domin masu sayar da tukunyar da yawa ba sa kawo kayan gyaranta. Na san gidajen da tukunya lafiyayya ta koma ta dafa ruwan zafi saboda rashin wannan roba kaɗai.

Game da tsoron fashewa, tukwanen yanzu masu bawul na tsaro da makullin murfi sun yi nisa da na da, kuma haɗarin da ake ji yawanci daga abu uku yake zuwa: toshewar bututu, cika tukunya fiye da kima, da ƙoƙarin buɗe murfi da ƙarfi alhali tururi bai sauka ba. Kafin kowane girki ina ɗaga murfin in leƙa bututun ta wajen haske, in na ga wani abu a ciki in zura tsinke in fitar. Ba na rufe ta da ruwan da bai kai kofi ɗaya da rabi ba. Idan ina sauri, nakan kai ta bakin famfo in sakar wa gefen murfin ruwan sanyi har maɓallin ya faɗa, sannan in buɗe ina karkatar da murfin nesa da fuskata. Ba na barin yarinyar da ban koya wa ba ta taɓa ta, ko da ta iya sauran girki.

Wasu ƙawayena sun fi son mai aiki da lantarki, irin wadda ta yaɗu bayan fitowar Instant Pot daga Kanada a 2010. Tana da daɗin aiki domin tana kashe kanta kuma ba ta da ƙara, sai dai tana jan wuta wajen wat 1,000, matsinta bai kai na ta kan gas ba, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki sai a rasa yadda za a yi da abincin da ke kulle a ciki. Ga wadda ba ta da tsayayyar wuta ko sola mai ƙarfi, ta kan gas ta fi kwanciyar hankali.

Wadda za ta saya, ina ba ta shawarar ta zaɓi ta sitil ko da ta fi tsada. Ta alminiyam tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma tsamin tumatir da tsamiya yana cin ta, kanwa kuma tana baƙanta cikinta, bakinta ma yana saurin lanƙwashewa, in kuwa ya lanƙwashe murfi ba zai sake kamawa ba. Araha ba ta ado, musamman a kayan da ke riƙe tururi mai zafin digiri 120. Ta gwanjo ma sai an yi hattara, domin sau da yawa ƙarfen kan murfin ba nata ba ne, robarta kuma ba a samun irinta a nan. A buɗe kwalin a gaban mai shago, a murɗa murfin a ji ya shiga ba tare da tilastawa ba, a tabbatar da bawul na tsaro yana nan, a duba kaurin gindin. Kafin a biya kuɗi a tambaye shi ko yana da zoben roba na wannan girman, in yana da shi a sayi biyu a ajiye, in ba shi da shi a nemi wani samfurin da ake samun kayan gyaransa. Bayan kowane girki a cire robar a wanke ta daban, a shanya, sannan a kifa murfin a kan tukunyar ba tare da an kulle ba, domin robar da aka bari a matse tana saurin mutuwa kuma tana riƙe warin abincin jiya.